Ranar da Motar Lawban Ta Kama da Wuta

Assalamu alaikum Edita. Ni mutumin Kano ne, sana'ata sayar da kayan gyaran mota. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru ina tsakiyar ƙarfina, ina zuwa Guangzhou sarin kaya, in sauka a wani masauki kusa da titin Huanshi Lu inda 'yan'uwanmu suka fi yawa. Mahaifina makanike ne, a garejinsa na tashi, don haka na ɗauki kaina wanda ya san mota ciki da waje. Kuma ina da gaggawa, ba na son a ce mini a jira.

Cikin waɗanda nake sayen kaya a wurinsu akwai wani dattijo ɗan China mai sito a can ƙarshen unguwar Liwan. Lawban muke ce masa, wato maigida, kamar yadda ake kiran kowane mai shago a can. Ya yi aikin kanikanci a Hong Kong yana saurayi, shi ya sa yake jin Turanci daidai gwargwado. Wata rana muna jiran a ɗaure kayana, na ba shi labarin garejin mahaifina. Sai ya tashi ya ce in biyo shi. A bayan sito ya yaye wani tamfol, sai ga tsohuwar motar Ingila mai ƙofa biyu, koriya shar, mai dogon gaba, ƙasa-ƙasa kamar ta kwanta. Kujerunta na fata ne, gaban direba an yi masa ado da katako mai sheƙi. 

Daga ranar, duk zuwan da zan yi sai na ware yammaci na je wurinsa. Motar ba ta da takardun hawa titi, iyakarta farfajiyar sito, kuma ta jima ba ta tashi ba. Lawban yana sonta, amma ba ya ɓoye aibinta. Ya ce injinta mai silinda goma sha biyu ne, idan yana da lafiya ba ka jin girgiza ko kaɗan, yana ja a hankali kamar ruwa na gangara, kuma a kwana motar tana riƙe ƙasa yadda motocin yanzu da yawa ba sa yi. Amma an cusa wannan ƙaton injin a wuri matsattse, zafi ba ya samun hanyar fita. An ƙera ta ne don ƙasar sanyi, ga shi ta tsinci kanta a garin da mutum ke jiƙewa da gumi yana zaune. Zafin nan shi ke busar da wayoyi su riƙa karyewa, shi ke cinye roba. Tana ɗigar da baƙin mai, tana shan fetur ba tausayi, kuma kafin ka kai ga fulogi na can ciki sai ka kwance rabin abin da ke samansa. Yana faɗa yana dariya, yana shafa bonet ɗin.

Idanunsa sun fara rauni, don haka ni ne hannunsa. Shi ya faɗa, ni in kwance in ɗaura. Muka wanke lagireto, muka sauya wayoyin da suka mutu, muka gyara famfon mai. Matarsa takan kawo mana shayi ta ajiye ta juya, ba ta ko kallon motar. Ya gaya mini tun da ya sayi motar matar ba ta taɓa shiga ba, tana cewa motar ce ta raba ta da mijinta a ranakun hutu. Burinsa kawai ranar bikin zagayowar haihuwarta ya ɗauke ta su zaga farfajiyar, ko da sau ɗaya, kafin ya daina gani sosai.

Abu ɗaya ya rage: ƙananan tiyo da ke kai fetur saman injin. Duk sun tsage. Lawban ya ce ba kowane tiyo ake sa musu ba, domin fetur ɗin da ƙarfi yake tafiya a ciki, ga kuma zafi, don haka ya aika a kawo na ainihi daga waje. Kaya suka ƙi isowa, ranar bikin tana matsowa, ni kuma bizata ta kusa ƙarewa. Raina bai so a tayar da motar nan ba na nan. Na shiga kasuwa shago-shago da guntun tsohon tiyon a hannuna, kowa ya duba sai ya girgiza kai ya ce meyo, wato babu. A ƙarshe na samu wani mai kama da shi, kauri ɗaya, launi ɗaya. Mai shagon ya yi mini nuni cewa na motoci masu ƙaramin inji ne. Na ji, na fahimta, na saya.

Na kai wa Lawban na ce na samo irin wanda ake so. Ya karɓa ya murza shi a tsakanin yatsunsa, sannan ya ce to mu ɗaura.

Ranar bikin da hantsi muka tura motar waje. Ya murɗa makulli, ta yi tari, ta sake yi, sannan ta kama. Ban taɓa jin inji mai laushin murya irin wannan ba. Ma'aikatan sito suka fito suna tafi. Da ƙyar aka lallashi Mama, kamar yadda nake kiran matarsa, ta sunkuya ta shiga. Ya ja a hankali suka zaga, suka sake zagawa, na hango ta tana dariya. A zagaye na gaba ne warin fetur ya buge ni. Kafin in ɗaga hannu, hayaƙi ya fara fita ta gefen bonet, sai wuta.

Lawban ya taka birki ya fito. Ni na yi wajen Mama. A nan na ga wani aibin irin motocin nan da ban taɓa tunaninsa ba: ƙofar doguwa ce mai nauyi, kujerar kuma tana can ƙasa, tsohuwa ba za ta iya miƙewa da kanta da sauri ba. Na rungumo ta na jawo ta waje muka faɗi tare. Ina ɗagowa na ga Lawban ya kama bonet da hannu yana son ɗagawa don a samu a fesa wa injin abin kashe wuta. Yana ɗagawa iska ta shiga, wutar ta taso masa. Ma'aikata suka janye shi, suka kashe wutar, amma gaban motar ya riga ya tafi, hannayensa biyu kuma sun ƙone.

Aka tafi da shi asibiti, ni na koma masauki. Na san 'yan sanda za su tambayi abin da ya jawo gobara, kuma ni baƙo ne da bizarsa ke gab da ƙarewa. Na fara haɗa jakata. Wani Alhaji ɗan Maradi da muke ɗaki ɗaya, wanda ya girme ni sosai, ya zauna ya saurare ni har na gama. Ya ce ba zai hana ni tafiya ba, amma in na tafi a haka, ba zan ƙara iya shiga Liwan da fuskata a sake ba, kuma mutumin nan ya cancanci ya ji gaskiya daga bakina. Ya ce in tashi ya raka ni.

Muka same shi a kwance, hannaye a naɗe da bandeji, Mama a gefensa. Na durƙusa na faɗi komai, har da nunin da mai shagon ya yi mini. Ya bari na kai ƙarshe.

"Na sani tun da na taɓa shi," in ji shi. "Shekara nawa ina wannan aiki? Ni ma na gaji da jira ne. Na riga na gaya wa 'yan sanda motata ce, ni na ce a ɗaura."

Na kasa riƙe hawaye. Mama ta yi wata magana da harshensu, ya fassara mini yana murmushi: wai ta ce in daina kuka, ni na fitar da ita, kuma yanzu ta gane abin da ya riƙe mijinta a bayan sito duk shekarun nan, don ba ta taɓa zama a kujera mai daɗin wannan ba.

Ya warke, amma yatsun hannunsa na dama sun ƙage, ba ya iya riƙe sifana. Tiyon ainihi sun iso bayan na koma gida. Motar kuwa ɗansa ya sayar wa wani mai tara irinsu. Har yau a wurinsu nake sayen kaya, kuma duk zuwa sai Mama ta sa an nemo mini abincin halal mun ci tare. Ba su taɓa tayar da maganar ba. Ni ne dai idan ya miƙo mini kofin shayi da hannun hagu, sai in tuna da tiyon nan da na saya.

Ban rubuto don in kushe tsofaffin motocin Ingila ba. Suna da kyau da daɗin tuƙi da ban sake gani a wata mota ba, kuma da zan samu hali zan so in mallaki ɗaya. Amma suna bukatar mai haƙuri, wanda zai duba roba da waya kafin ya duba fenti, ya ajiye abin kashe wuta kusa, kuma ya san cewa idan inji ya kama ba a ɗaga bonet gaba ɗaya. 'Yan'uwana masu sayar da kayan gyara, idan aka tambaye ku abin da ba ku da shi, ku ce babu. Kada kamanni ya sa ku miƙa wani abu ku ce shi ne, domin wanda zai zauna a cikin motar bai san abin da kuka sani ba. Ni na yi, Allah Ya rufa mini asiri ba a rasa rai ba, amma wani bawan Allah da ya ɗauke ni kamar ɗansa ya rasa hannun da ya yi aiki da shi tsawon rayuwarsa.