Malam Hashimu, Mai Juya Bayan Fanka

Kullum da hantsi, in ka bi ta bayan layin dogo a Agege, za ka tarar Malam Hashimu ya fito da bencinsa, ya shimfiɗa tsohon tawul, ya jera sukudireba da buroshi da 'yar mitarsa mai waya biyu, ja da baƙa. Tun muna yara gyaran firinta yake yi. Yanzu da yake shirin komawa Funtuwa ya huta, wallahi ba za mu bari ya tafi shiru ba!

Akwai wata ɗabi'arsa da muka daɗe muna yi wa dariya. Duk fankar sanyaya inji da aka miƙa masa, sai ya juya ta, ya goge 'yar takardar bayanta da babban yatsa, ya karanta lambar: sha biyu ko ashirin da huɗu. Wato ƙarfin wutar da za ta iya ɗauka ke nan. Sannan ya ɗora mita ya ga nawa injin yake bayarwa. Mu kuwa namu mu ƙulle tsohuwar a leda, mu je kasuwar Alaba mu gwada girma. Kusoshi sun hau? Shi ke nan.

A shagon Mariamu mai buga kati dariyar ta ƙare. Firinta ɗaya gare ta, da ita take riƙe da gidanta, ga takardun shaidar sauka na 'yan Islamiyya suna jira, walima kuma washegari. Sai fankar firintar ta mutu. Ƙaninta Khamisu ya hau motar haya ta danfo ya sayo sabuwa, ya ɗaura da kansa. Ana kunnawa ta ɗau ƙugi.

"Yaya, kin ji inji!" in ji Khamisu. "Ta ninka tsohuwar gudu!"

Malam Hashimu na dawowa daga Azahar ya jiyo ƙarar tun daga titi. Ya faɗo shagon, ko sallama bai ƙarasa ba, ya fizge waya daga soket.

"Baba, lafiya?" Mariamu ta zabura. "Aikin mutane nake yi fa!"

"Ba gudu take ba, 'yata, ihu take. Shinshina nan."

Ƙaurin roba ya riga ya fara tashi. Ya kwance fankar, ya juya ta: sha biyu. Injin kuwa ashirin da huɗu yake ɗura mata. Ya ce in ta ƙone tana iya tafiya da allon wutar injin, wanda ko a Alaba sai an yi sa'a.

"Amma Baba, girmansu ɗaya," in ji Khamisu.

"Kai da Mato ɗan dako ma tsayinku ɗaya. Za ka iya ɗaukar buhunsa?"

Ya koma shagonsa ya ciro mai ashirin da huɗu daga wata matacciyar firinta, ya ɗaura. Injin ya tashi a hankali, kamar numfashin jariri. Washegari kowane yaro ya ɗaga takardarsa a gaban iyayensa.

Kai ne, Baba Hashimu, mai kunnen da ke jin kukan inji cikin hayaniyar Agege! Kai ne kake gyara, ka kuma tsayar da mai kayan sai ya fahimci dalili. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya kai ka gida lafiya.

'Yan'uwana masu gaggawa irina, mu ɗauki wannan hali: a duba kafin a jona. Khamisu ma ya ɗauka. Jiya na gan shi wajen mai caja, ya juya bayanta yana gogewa da babban yatsa.