Sista Basira da Bandejin Idon Dangi

Kafin 'yan adaidaita su cika titin Gyaɗi-Gyaɗi da hon, Sista Basira ta riga ta buɗe ɗakinta a wani ƙaramin asibiti da ke bayan layin masu kemis. Takan goge gado, ta jera allurai, ta kunna na'urar sikanin, ta zauna jiran masu ciwon jijiya: direban da kafaɗa ta hana shi juya sitiyari, lebura mai ɗingishi saboda agara, mai wanki da guga da ya kasa matse riga. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma har yau ban ji wanda ya ce a taru a yi mata ko addu'a ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, raina a ɓace.

Aikin ɗakin nan ba shi da hayaniya. Jijiyar da ke riƙe tsoka da ƙashi ce take gajiya ta lalace saboda yawan aiki. Likita zai kashe wurin, ya duba a sikanin, ya shiga da siririyar allura ya tsokani inda ya lalace, don jiki ya sake gina shi. Ba yanka, ba ɗinki, ba kwanciya. A manna maka filasta kamar farcen yatsa, a ce ka je gida ka huta na makonni. To a nan ake samun matsala, domin mu ba mu yarda mutum ba shi da lafiya sai mun ga jini ko gadon asibiti.

Yayata Kulu tana zaune a Daurawa. Duk biki, duk suna a danginmu, ita ce mai tuƙin tuwo, har gwiwar hannunta na dama ta ƙi. Na kai ta aka yi mata allurar. Da muka koma gida, wata ta leƙa filastar ta ce, “Wannan ne aikin? Ai cizon sauro ya fi shi.” Ko mutum ɗaya bai zo dubiya ba. Mako bai zagayo ba aka yi suna a gidan Baffa Inuwa, matarsa Hajiya Sa'adatu ta tare Kulu a tsakar gida.

“Kulu, ki ɗan sa mana hannu mana, albarkarki muke nema. Ai na ga ba a yi miki komai ba.”

Yaya za ta ce wa matar baffanta a'a a gaban mata? Ta karɓi muciya. Washegari ko kofin shayi ta kasa ɗagawa.

Muka koma. Likita ya ce zai sake gwadawa sau ɗaya. In aka kuma ɓatawa sai dai yanka, kuma ba ya alkawarin hannun zai dawo yadda yake. Sista Basira ba ta yi wa Kulu faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi: “Wa ya miƙa miki muciyar?” Da aka gama allura ta biyu, ta nemi izinin likita, ta ɗauko bandeji ta fara naɗi sako-sako, tun daga wuyan hannu har kusa da kafaɗa, ta rataye hannun a wuya.

Na ce, “Sista, ba an ce allura ce kawai ba?”

Ta ce, “Malam, filastar ta ciwo ce. Wannan na 'yan gidanku ne.” Ta juya wajen Kulu. “In kin shiga ɗaki ki kwance shi, ki yi motsin da na koya miki. Da kin ji sallama, ki mayar.”

Kulu ta yi ƙasa da murya. “Sista, wannan ba ƙarya ba ce?”

“Kina da lafiya?”

“A'a.”

“To ina ƙaryar?”

Wallahi abin takaici, ranar gidan ya cika. Lemo, ayaba, farfesu, duk sai da suka zo. Hajiya Sa'adatu da kanta ta dafe ƙirji ta ce, “Innalillahi! Ashe abin ya kai haka?” Ciwon da aka raina kwanan baya shi ne dai wannan, ƙyalle kawai aka ƙara masa. Daga baya Ɗanladi, ɗan adaidaita a Unguwar Gano, ya gaya mini shi ma haka Sista ta yi masa, sannan mai keken da yake tuƙawa ya daina aiko masa da mukulli.

Sista Basira, mai hannun sanyi, ke ce kika gane allura ba ta bin mutum gida. Kin san mu, kin san kunyar da ke sa mace ta kashe hannunta don kada a ce ta ƙi zumunci, kika tare mata inda ita ba za ta iya tare wa kanta ba. Mun gode. Allah Ya ba ki hutun da kika daɗe kina roƙa wa wasu. Ku kuma masu shigowa aikin nan, ku riƙa tambayar majinyaci wa ke jiransa a gida.

Kulu ta warke. Kun san abin da dangi ke cewa? Wai karon farko ha'inci aka yi, da aka naɗe da kyau ai ga shi ta samu sauƙi. Na yi bayani har na gaji. Likita ya ce ta yi aikin gidanta, amma ita da tukunyar taro har abada. Jiya kuwa Hajiya ta aiko: bikin 'yarta ya matso, tunda hannu ya warke, Kulu ta zo tuƙin tuwo.

Kulu ta daɗe tana kallon hannun nata, sannan ta ce da ni, “Yanzu in Sista ta tafi, wa zai ƙara naɗe ni?”