Bindigar Baban Ƙasa da Kafaɗarsa

Shekara huɗu na yi ina haya a saman gidan wani dattijo mutumin Jos da matarsa, a unguwar St. George, tsallaken ruwa daga Manhattan. Ina aikin gashin ƙashi a wani asibiti a Manhattan, kullum jirgin fito ne ke kai ni ya dawo da ni. Shi kuwa a ɗakin injin jirgin ya yi aiki har ya yi ritaya. Baban Ƙasa nake ce masa, saboda su ke zaune a ƙasa, matarsa kuma Mama.

A shekarata ta biyu aka yi masa aiki a kafaɗar dama. Nakan sauko bayan coci in duba yadda yake ɗaga hannun. Ran nan na tarar da Mama ta tsare ni a bakin matakala.

"'Yata, ke ce zai ji maganarki. Ki ce masa ya sayar da bindigar nan. Likita ya ce in ta ƙara dukan kafaɗar, ɗinkin zai ɓalle."

Ban ma san yana da bindiga ba. Da na shiga, na same shi a teburin cin abinci da wani littafi mai kauri, ga kwanson harsasai guda uku a gabansa, kowanne ya kai tsawon babban yatsana. Ya ce bindigar irin mai ƙarfin nan ce da ake kira magnum, ya saye ta da lasisi tun yana da ƙarfi, da niyyar zuwa Alaska farautar manyan namun daji. Bai taɓa zuwa ba. Barewa kawai yake harbi da ita a dajin arewacin jihar da muke zaune, duk kaka.

Na fara isar da saƙon Mama, sai ya tura mini kwanso ɗaya.

"Ba bindigar ce ke duka ba, 'yata. Abin da aka ɗura mata ne. In na ɗura mai sauƙi da hannuna, za ta yi laushi."

"To ai sai ka zubar da rabin albarushin, Baba."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Haka mutane ke rasa yatsu. In ya yi kaɗan fiye da kima, shi ma haɗari ne. Sai an canja irin albarushin, an sa ƙwaya mara nauyi, kuma ba a wuce abin da littafi ya ce."

Wannan ya tsaya mini a rai. Ta yaya ƙarancin abu mai fashewa zai zama haɗari? A jirgi washegari na yi ta juya maganar har muka isa gaci. Saƙon Mama kuwa ban ƙarasa shi ba. Na dai ce masa ba zai harba komai ba sai hannun ya iya ɗaga galan ɗin madara zuwa saman firji sau goma ba tare da ya yamutsa fuska ba. Wata uku ya ɗauka.

Kayan ɗurin suna wani ɗan gidan katako da yake da shi, tafiyar awa uku daga birni. Wata Asabar muka tafi mu uku, ni ke tuƙi, Mama a baya da kular shinkafa.

Na zaci aikin zai yi kama da na maƙera. Ashe ya fi kama da na mai haɗa magani. Ga ɗan sikeli da ko numfashi ke motsa shi, ga ƙaramin cokali, ga wani ƙarfe mai hannu da ke danna ƙwayar cikin kwanso. Ya hana mu magana. Yakan auna, ya duba littafi, ya zuba, sannan ya haska cikin kwanson da tocila ya tabbatar bai zuba sau biyu ba. Harsashi biyar suka cinye masa kusan awa guda. Na tambaye shi me ya sa albarushin wannan gwangwani yake kamar yankakkiyar taliya, na wancan kuma kamar gero. Ya ce siffar ce ke sa wani ya ci wuta a hankali, wani da sauri.

A filin gwajin harbi da ke kusa, ya zauna ya ɗora bindigar kan buhun yashi. Muka toshe kunnuwa. Na tsaya a bayansa na dafa kafaɗar da tafin hannuna, don in ji da kaina abin da zai iso ga ɗinkin. Ya ja kunama. Abin da na ji bai wuce turin da mutum kan yi maka a layin shiga jirgi ba.

"Yaya?" in ji Mama.

"Lafiya lau, Mama. Bai ko girgiza ba."

Sai dai harsashin ya sauka can ƙasa da inda ya auna. Ya ce daman haka zai yi, tunda ba ya gudu kamar na kanti, sai an gyara madubin aunawa da ke kan bindigar. Ya murɗa, ya sake harba biyu, na ukun ya shiga baƙar da'irar da ke tsakiyar takardar gwajin.

Saura biyu. Mama ta ajiye jakarta a kan benci.

"Shekara talatin ina share ƙurar akwatin abin nan," ta ce. "Matsa in ji."

Ya tashi ba musu. Ya gyara mata zama, ya nuna mata inda za ta kafa kunci, ya ce kada yatsa ya taɓa kunama sai ta shirya. Ta daɗe tana leƙe kafin ta harba. Ba mu ga inda ya faɗa ba, ko takardar bai taɓa ba. Ta shafa kafaɗarta, ta dubi bindigar, ta ce a ba ta na ƙarshen.

A hanyar dawowa ita ta zauna gaba. Har muka shigo birni tana tambayarsa ko za a iya ɗura wanda ya fi wannan laushi, shi kuma yana cewa sai ya duba littafi.