Ranar da Baba Maitama Ya Shiga Kala

Surukina Baba Maitama manomi ne tun yana ɗan tsugul, a wani ƙauye bayan Giwa. Da matarsa ta rasu, hawan jini ya sa shi gaba, sai 'yarsa Rahmatu, wato matata, ta ɗauko shi zuwa nan garin Sterling, a ƙasar Turawa, inda muke zaune. Ita nas ce, ta ce sai ta ga ya haɗiyi magani da idonta hankalinta zai kwanta.

Ya samu sauƙi kuwa, amma ya yi shiru. Mutumin da aka ce ana jin dariyarsa daga gona zuwa gona ya koma zaman taga, yana kallon jiragen saman da ke sauka. Kullum bayan asuba sai ya ce a mai da shi gida. Rahmatu ta ce ba inda za shi, wa zai kula da shi a can? Ni dai suruki ne, nawa ido.

Da kaka ta shigo, wata abokiyar aikinta Debbie ta gayyace mu yawon ƙafa a bayan gari. Rahmatu ta yi murna, a ganinta in Baba ya ga nan ma akwai daji zai daina zancen tafiya.

Hanya ce mai sauƙi, ba hawa ba gangara. Ganye ya yi ja ya yi rawaya, yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Baba ya tambaya ko cuta ce ta kama itatuwan, na ce a'a, haka suke duk shekara. Muna fita daga kurmin sai ga gonar masara, inji ya gama girbe ta, ga zangarniya a zube nan da can. Kafin mu ankara tsoho ya ƙetare wayar shinge da babbar rigarsa. A garinsu in an kwashe amfani, abin da ya zuba na mai tsinta ne, shi ake kira kala, ba a neman izinin kowa. Allon da ke cewa kada a shiga kuwa da Turanci aka rubuta shi.

Rahmatu ta tsorata, don nan shiga gonar wani yana iya kai mutum hannun 'yan sanda. Sai ga mota ta tsaya, wata tsohuwa mai suna Olive ta fito, ita ce mai gonar. Baba ya yi mata sannu da aiki da Hausarsa, ya buɗe mata bakin riga cike da masara. Debbie ta ba ta haƙuri, ni na yi tafinta. Tsohuwa ta ce bareyi da agwagin daji take bar wa, amma ya ɗiba. Nan suka tsaya zancen damina da taki. Baba har da ƙyaƙyatawa, ni kuwa harshe ya gaji.

A ƙarshen hanya akwai wani tsohon gidan giya da masu yawo ke yada zango su ci abinci. Baba ya ce shi ba zai taka ƙofar ba, muka zauna da shi a benci a waje, Debbie ta fito mana da shayi. Baba yana murzar masara da babban yatsa, yana ƙirga mana gonakin da ya bari da wanda ya bar wa kowace. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba, abin ya ba ni tausayi.

Rahmatu ta daɗe tana kallonsa. Ta ga abin da ta fito nema, Baba ya sake, amma ba yadda ta so ba, don zancen gida ne ya sake shi.

"Baba," ta ce, "in na bar ka ka tafi, za ka riƙa shan maganin?"

Ya ce zai sha.

Ta juya tana share ido, ta ce mini in duba masa jirgin komawa gida.