Yajin da Likita Ya Sa Ni

Salamu alaikum, 'yan uwa. Rabi ce ta dawo. Masu cewa na canza lamba, da masu cewa girman kai ya kama ni, duk na yafe muku. Jinya na yi.

Kun san yadda shekarar nan ta zo mana a Matameye. Sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, ruwa kuma ya ɗauke hatsi bai nuna ba. Maigidana, Baban Nana, ya bi ɓarauniyar hanya ya tafi ci-rani Legas da wuri, tunda babu abin girbewa. Atamfar da nake sarowa daga Kano ta iyakar Ɗan Barto ta daina shigowa.

Sai na koma wa salula. Daga safe har faɗuwar rana ina kan tabarma: labarin iyaka, farashin hatsi, bidiyon biki, saƙon murya. Na yi ƙiba a shekarar da kowa ke ramewa. Mata suna cewa, "Rabi, lallai maigida yana aike!" Ni kuwa ina jin daɗi.

Ciwon kai ya fara a ƙeya, sai jiri. Na ce zafin rana ne.

Wata safiya salular ta suɓuce daga hannuna na dama. Na kai hannu in ɗauka, yatsu suka ƙi. Inna, uwar mijina da muke gida ɗaya, ta dube ni ta ce, "Ke, me ya sami bakinki?"

Ashe bakina ya karkace.

A asibitin gari aka auna tansiyo, hawan jini ke nan. Mai aunawar ya sake aunawa a ɗaya hannun, sai ya ce a wuce da ni Damagaram. Can aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, aka ɗaura mini ruwa. Tunkiyar da nake kiwo don layya ta tafi a magani, 'yan kunnena suka bi ta.

A gadon kusa da ni akwai wata mata da ɓarin jikinta ya shanye, 'yarta ce ke juya ta. Na yi kuka har na gaji. 'Yata Nana ko zane ba ta iya ɗaura wa kanta ba, yanzu ita za ta riƙa ɗaura mini?

Ranar sallama likita ya ce, "Madam, wannan karon ciwon shanyewar jiki leƙowa kawai ya yi. In ya dawo, zama zai yi. Ki sha magani, ki rage gishiri, ki ajiye wayar nan, ki riƙa tafiya kullum har ki yi gumi."

Da na ɗan ji ƙarfi, na sa hijabi da takalmin roba na kama hanyar Tsauni, don ita ce mai inuwa. Abin da ban lissafa ba, a Tsauni iyayena suke. Ku duba dai: matar aure da sassafe, ba kaya a ka, ba yaro a baya, tana sauri fuska a ɗaure, ta nufi garinsu.

Ban wuce lambunan rake ba sai ga tsofaffi biyu a amalanke sun cim mini.

"Haba 'yar nan, ki yi haƙuri! Ko mene ne, a zauna a yi magana."

Na ce, "Iya, motsa jiki nake yi."

"Motsa jiki? Ba ki da turmi a gida?"

Kafin azahar Baban Nana ya kira daga Legas: "Rabi, don Allah me na yi miki?" Ashe saƙo ya riga ya kai masa cewa na yi yaji.

Yanzu ina dariya, amma a lokacin kunya ta hana ni ko leƙa zaure. Na koma tabarmata da salulata. Ba a daɗe ba ciwon ƙeyar ya dawo, yatsun suka fara nauyi. Wata rana ina miƙa wa Inna ruwan alwala, butar ta faɗi a tsakaninmu. Ta dubi butar, ta dubi hannuna. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Washegari da safe sai na ji sanda tana buga ƙofata. Inna ce, ta yafa mayafi.

"Tashi. Ajiye wannan abin."

Ta shige gaba, ina biye. Kuma ba ta bi lungu ba, ta gaban mai koko ta bi, inda mata suka fi taruwa. Mai koko ta ce, "Inna, lafiya da sassafen nan?"

Inna ta ce, "Yaji muka yi, ni da ita. Mai son biko ya biyo mu da ƙafa."

Aka kwashe da dariya. Washegari mai kokon da kanta ta biyo mu, wai gwiwa ke damun ta. Daga nan mata suka yi ta ƙaruwa. Yanzu in mun dawo muna tsayawa a filin makarantar unguwa mu yi jifan ƙwallo da tsallen igiya. Salulolinmu kuwa a ƙwarya muke tara su, Inna ta rufe da faifai, kuma ba wadda ta isa ta buɗe.

Da na koma Damagaram, tansiyo ya sauka. Likita ya miƙo hannu ya ce in matse. Na matse. Ya ce, "Kai, Madam, ya isa, sake ni!"

Alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan asibiti, da duk wanda ya yi mini addu'a. Inna kuwa, Allah ya saka mata da Aljanna.

Shawarata: ciwon ƙeya da jiri ba abin raini ba ne, a je a auna jini. A sha magani yadda aka faɗa. Ƙiba ba kullum take nufin hutu ba. Wayar nan a riƙa ba ta hutu, a fita a yi gumi. Ke kuma 'yar uwa, in za ki fara, ki sanar da mutanen gida tukuna, kuma kada ki kama hanyar garinku.

Da hannun dama na rubuta muku wannan, daga farko har ƙarshe. Bari in ajiye, Inna tana buga ƙofa.