Rugar Dada a Ƙarƙashin Ruwa

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Dada, ba ta taɓa sabawa da Dutse ba. A gidanmu na unguwar Yalwawa ta tsufa, amma in ta ce "gida", wani wuri take nufi: rugarsu ta bakin kogi, can kudu da Kano, wadda ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogin aka yi dam. Tana goye da babana aka tashe su. Suka koro shanunsu gabas, yau nan gobe can, har suka yada zango a ƙasar Dutse.

Ina yaro, in tana dama mini fura, sai ta riƙa zagayawa da ni rugar da baki. Ga mashayar shanu, ga gangaren da mata ke bi da ƙoren nono, ga tsamiyar da suke hutawa a gindinta. A bayan tsamiyar aka binne mahaifiyarta.

Da na kama aiki na sayi 'yar mota, na ce, "Dada, ki shirya, zan kai ki gida."

"Maigidan, ban da wasa a wannan magana," in ji ta.

Da rani muka tafi, wai ko ruwan ya ja baya. Ta ɗaura zanen saƙinta na ƙasan akwati. Da muka isa, sai ga ruwa iya ganin ido. Masunta na gyaran koma, mata na suyar kifi a gefe. Dada ta dogara sandarta ta daɗe tana kallo.

"Ina kogin?" ta tambaye ni.

"Ai shi ne wannan, Dada."

"A'a. Kogi tafiya yake yi."

Ta nuna wani tsauni ta ce daga gindinsa rugar take. Can kuma ta juya ga wani, ta ce ko kuwa wancan ne. Wani masunci da ya ji zancenmu ya ce, "Iya, ki shigo kwalekwale in zaga da ku, ba sai kun ba ni komai ba."

Ta yi masa godiya, ta girgiza kai. "Ɗana, ba zan bi ta kan mutanena ba."

Sai ta tsuguna a bakin ruwan ta yi alwala, a hankali, tana barin ruwan ya jima a tafinta. Ta yi La'asar a kan yashi. Bayan sallama ta shiga addu'a da Fulatanci, tana kiran sunaye, mafi yawansu ban taɓa jin su ba. Na zauna a bayanta ina cewa amin.

A hanyar dawowa muka ratsa gonakin rani, tumatir da shinkafa kore shar a tsakiyar zafi. Na ce mata ruwan dam ɗin ne ake ba su.

"Ashe yana ciyar da bayin Allah," ta ce. "To, madalla." Daga nan barci ya ɗauke ta, kanta jingine da gilashi, gefen zanenta a jiƙe.

Ba ta daɗe ba bayan haka ta rasu, muka kai ta makwancinta a Dutse. Ban sake komawa dam ɗin ba. Abin da nake kewa shi ne tafiyar dawowar nan, ina tuƙi a hankali, ina kauce wa ramuka don kada ta farka.