Ranar da Aka Bar Ni a Zaure

Sati uku ke nan da yin wannan tafiya, kuma ban rubuta komai a hanya ba, don haka wataƙila wasu abubuwan sun cakuɗe mini.

Mun tashi da asuba daga Kano a babur ɗin ofis, ni da wani malamin gona da na tarar a wurin aiki. An tura mu wani ƙauye kusa da Bunkure mu cike takardun tambayoyi a kan matan da ke shanya tumatir. Ma'aikaciyar da ke shiga gidaje ba ta da lafiya, Oga, shugaban ofishinmu, ya ce mu tambayi mazajensu, ai duk ɗaya ne.

A Kura muka sha shayi. Tumatir ya faɗi warwas, har mai shayin yana cewa kwandon ya fi abin da ke cikinsa daraja. Daga nan muka bi gefen kanal ɗin ban-ruwa, alkama kore shar dama da hagu, hanya kuwa duk ramuka.

Maigidan da muka fara sauka wurinsa ya saurari tambayoyin, ya ce shi dai ya san ana yanka tumatir, sauran harkar mata ce. Muna cikin haka wata dattijuwa ta leƙo zauren, ta dubi abokin tafiyata, ta ce, “Ke ce yau? Taso mu shiga, 'yar nan. Kai kuma, malam, zauna nan.” Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Ni kaɗai na yi dariyar. Maigidan ma bai ɗaga kai ba. Abokin nawa ya tashi ya bi ta. Na fi awa ɗaya a zauren ina jiyo hira da shewa daga ciki, aka fito da takardu a cike.

A hanyar dawowa muka tsaya bakin kanal wajen Kadawa. Kowace takarda tana da gurbin sunan wanda ya yi tambayoyin, kuma Oga zai so sanin yadda namiji ya shiga wurin matan aure. Na ce mu sa sunan marar lafiyar. Sai abokin tafiyata ya ce:

“Kada ka yi ƙarya saboda ni. Ni mace ce, tun ina ƙarama na san haka. Goggon nan ta san ni a gidajen biki, a bakin tukwane. Na gaji da ɓoyo. Ran Litinin zan faɗa wa Oga da bakina, ko da aikin zai tafi. Ka tsaya a ɗakin kawai, ba sai ka yi magana ba.”

Na ce to. Ta rubuta sunanta a kowace takarda. Na san wasu za su ƙi yadda nake ambatonta a nan; haka ta roƙe ni, hukunci kuwa ba ni da ilimin yanke shi. Muka iso Kano da la'asar.

Ran Litinin na bi ta har ƙofar Oga. Sai na tuna matata da 'ya'yana biyu, da abin da za a ce da ni a gari. Na tsaya a baranda, aka rufe ƙofa. Ran Laraba aka kwashe kayan teburinta, ban sake ganinta ba. Abin da tafiyar ta koya mini, in ban yi kuskure ba, shi ne ni matsoraci ne fiye da yadda nake zato.

Duk wanda ya shaida wani abu daga cikin wannan, ya aiko mini da gyara. An ce sakatariya tana cikin ɗakin. Idan sakatariyar ta karanta, ina son sanin ko abokiyar tafiyar tawa ta waiwayo ta neme ni kafin ta fara magana.